Kajin Zuwaira

Shin mutum yana ɗaukar alhakin abin da ya kashe garin ƙoƙarin raya shi? Tambayar ba da safe ta zo wa Datti ba. Da safe, yana tsugune gaban akurkin da ke bayan ɗakin girki, yana zaro kajin matarsa ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a kan jiƙaƙƙen siminti, abin da ke ransa kawai shi ne wa zai ɗora wa laifi.

Kajin na Zuwaira ne. Ta tafi Zariya wajen 'yarsu da ta haihu, kuma kafin ta tafi ta ce a miƙa su gidan Inna Harira, tsohuwar da katanga ɗaya ta raba su da ita a Unguwar Dosa, ta haɗa da nata har ta dawo. Datti ya ƙi. Shi da ya riƙe shagon ɗinki ya riƙe iyali, kaji ne za su gagare shi? Me mutane za su ce in an ga an kwashi kajin gidansa an kai riƙo kamar marayu? Zuwaira ta dube shi, ta ce to, ya dai riƙa rufe musu ƙofa kafin magariba. Ta ɗauki jakarta.

Jiya ruwa ya wuni yana zuba. Ya dawo daga shago ya same su sun takure a lungu, feshi na shiga ta ragar waya. Tausayi ya kama shi. Ya ɗauko baƙar leda mai kauri ya lulluɓe akurkin, kuma da yake tela ne, bai bar ko kafar allura ba: ya ninke bakinta, ya danne da bulo. Ya zuba garwashi a tsohon kasko, ya kife kwandon ƙarfe a kai don kada su ƙone, ya tura ciki. Ya kwanta yana yaba wa kansa.

Yanzu ga su sun sandare, sai biyu da ke layi a kusurwar da ledar ta yage. Ta wannan yagewar ce ya ga kyanwar Inna Harira ta fito, ta yi miƙa, ta haye katanga.

Ko takalmi bai sa daidai ba ya isa ƙofar gidansu. Ya yi sallama da muryar da ta sa masu shan shayi a bakin layi suka juyo. Bala, ɗan Inna mai sana'ar acaɓa, ya fito yana goge fuska. Datti ya zazzage masa komai: da idonsa ya gan ta, ta yaga leda, ta gama da dukiyar matar mutane, su kuma suna barci.

"Allah ya huci zuciyarka, Malam Datti," in ji Bala. "Ka san ba a kashe kyanwa. Amma in na tashi aiki da yamma zan sa ta a buhu in kai ta bayan Mando in yar."

Daga cikin zaure Inna ta ce kyanwarta da 'yan tsaki take kwana, ba ta taɓa ko lasar ɗaya ba. Bala ya juya ya ce mata don Allah ta yi shiru, ta bar maza su yi magana. Ta yi shirun. A lokacin, Datti ya ji kamar an ba shi gaskiyarsa.

A shago ne abin ya fara dawo masa. Yana taka keken ɗinki, idonsa na kan wuyan riga, amma simintin tsakar gida yake gani. Babu jini. Babu gashin kaza ko ɗaya a ƙasa. Sakatar ƙofa tana yadda ya bar ta, ragar waya ba ta huje ba. Ya tuna yadda kansa ya sara da ya cusa fuska ciki, da wani ɗumi mai nauyi da ya buge shi. Ya tuna labaran da akan ji na masu kwana da garwashi a ɗaki a rufe. Ita kyanwar, ɗumi ta biyo, ta yaga leda ta kwanta jikin raga. Kajin da suka rayu kuwa, su ne na bakin inda ta yaga.

Ya duba ya ga ya haɗe wuyan rigar a baibai. Ya ɗauki reza yana farkewa.

Wayarsa ta yi ƙara, sunan Zuwaira. Ya bar ta har ta tsinke.

Ya wuni yana shari'a da kansa. Niyyarsa alheri ce, Allah ya sani, kuma ai da niyya ake duba aiki. To, na kajin ke nan. Zargin da ya yi da safe fa, da wace niyya ya yi shi? Wata zuciyar ta ce masa kyanwa ce fa kawai, gobe an manta. In ya yi shiru, Zuwaira za ta dawo ta ji labarin da duk layin ya riga ya yarda da shi. In ya yi magana, har ya mutu za a riƙa kiransa telan da ya ɗinke kaji. Ya san bakin 'yan teburin shayi. Amma duk inda ya juya maganar, sai ya ji shirun da tsohuwar ta yi a zaure.

Bai jira la'asar ta yi sanyi ba ya rufe shago. A gida ya yaye ledar, ya zubar da tokar, ya daɗe tsaye. Sannan ya sa kajin biyu a kwando ya fito.

Bala na ɗaure buhu a bayan babur, buhun na motsi. Inna na zaune a bakin zaure da carbi, ta kau da kai gefe. Masu shayin yamma sun fara taruwa.

"Bala, kwance buhun nan."

"Haba Malam, ai magana ta ƙare."

"Ba ita ba ce. Ni ne." Ya so ya tsaya a nan, amma ya ga an zuba masa ido. Ya faɗi na ledar, ya faɗi na garwashin, da murya daidai wadda ya yi amfani da ita da safe, don waɗanda suka ji wancan su ji wannan. Wani ya fara dariya ya mai da ita tari.

Bala ya kwance igiyar. Kyanwar ta yi tsalle ta shige cikin gida ba ta dubi kowa ba.

Datti ya durƙusa gaban tsohuwar, ya ajiye kwandon.

"Inna, ga su. A haɗa da naki har mai su ta dawo."

Inna Harira ta ɗaga murfin, ta shafa wuyan ɗaya, ta shafa na ɗayar.

"Sun sha ruwa yau?"

Sai a lokacin ya tuna bai ba su ba.

"Miƙo su," in ji ta.