Ƙullin Bahaguwa

Shekara goma sha tara ke nan da yanar ido ta rufe wa Goggo mai faci ido ɗaya, ta bar mata rabin ɗayan. Ɗinki dai ba ya gagararta, don yatsunta sun san hanya. Zura zare a kafar allura ne ya fi ƙarfinta. Wannan aikin maƙwabciyarta ce ke yi mata, wadda duk lungun ke kira Bahaguwa. Kullum da hantsi sai ta tsallako, ta zauna a bakin ƙofa, ta zura wa allura goma sha biyu zare, ta ƙulle bakin kowane da hannun hagu, ta soke su a ɗan matashi.

"Ga na yau, makauniya. Kar ki ɗinke wa mutane aljihu."

"Allah ya shirye ki, mai hannun shaiɗan."

Ba ƙabilarsu ɗaya ba. Kafin rikicin, sai an yi tsiya ake tuna hakan.

Rikicin ya faro ne daga tashar mota, kan wa zai yi lodi, ya kwana uku yana cin unguwa. Samarin ɓangaren su Goggo suka ƙona shagon ɗan Bahaguwa. Aka sa dokar hana fita. Da aka ɗage ta, sai ga Ciyaman na ƙaramar hukuma da kwamitinsa na mutum ashirin, waɗanda suka yi bincike suka gano cewa mutane na faɗa ne saboda suna ganin juna. Aka ja katangar bulo ta tsakiyar lungu, aka raɗa mata suna katangar zaman lafiya, aka yanka kintinkiri, aka ɗauki hoto. Ƙofarta ɗaya ce, can bakin titi, tafiyar da gwiwar Goggo ba za ta iya ba, kuma sai ka cike takarda ka rubuta ƙabilarka da dalilin ziyara.

Goggo ba ta je jaje ba. Da farko doka ce ta hana ta, daga baya katanga, daga baya kuma kunya. Me za ta ce? Cikin yaran da suka ɗauki fetur akwai waɗanda ita ta yi wa facin wandon makaranta.

Surukarta ta gwada zura mata zaren. Yarinyar kirki ce, amma zarenta gajere ne, ƙullinta kuma zamewa yake ta cikin yadi.

"Inna, ki haƙura da mutanen can," in ji ɗanta, yana ɗaure takalmi. "Ciyaman ya ce kowa ya zauna cikin nasa."

"Shi Ciyaman ɗin zai zo ya zura mini zare?"

Abu guda kwamitin ya kasa rabawa, ruwan kwata. An yi zama biyu a kansa, ƙarshe magini ya binne wani bututu mai faɗin tafin hannu a gindin katangar, daidai bayan ɗakin Goggo, ya tafi abinsa.

Ran Litinin da safe ta soke allura goma sha biyu babu zare a matashin, ta naɗe da kwarkwaron zare a leda, ta durƙusa da ƙyar, ta tura cikin bututun da sandarta. Ba ta yi sallama ba. In an dawo da shi yadda ya tafi, ta san amsarta.

Talata shiru. Laraba shiru. Ta zauna da tulin kayan mutane a gabanta tana shafa yagar wata riga, ba abin da ta iya yi.

Ran Alhamis ta ji sandar ta taɓa leda. Ta jawo, ta kwance. Allura goma sha biyu, kowace da zarenta, dogo yadda take so. Sai ta kai yatsa kan ƙullin, ta tsaya. Shekara goma sha tara ta san ƙullin Bahaguwa: ƙarami ne, a matse, kuma murɗinsa hagu yake yi. Wannan ƙato ne, sako-sako, ya murɗa dama.

Wato Bahaguwa ta ba wata ta yi, don dai a rabu lafiya.

Har ta dafa bango za ta miƙe, sai ta sake shafa ƙullin. Sau biyu aka zagaya zaren kafin a ja, kuma an ciji bakinsa da haƙori, ba almakashi aka sa ba. Mutum ɗaya ta sani mai wannan mugun halin. Kuma kwana uku, a kan aikin da ba ya wuce shan shayi?

Ta kwantar da kai har kuncinta ya kusa taɓa kwata.

"Bahaguwa! Me ya sami hannunki?"

Can sai muryar ta fito ta bututun, a kusa, kamar dama tana zaune a wurin.

"Ƙofar shagon na kama, ƙarfen ya yi ja. Yatsu uku sun ƙi lanƙwasuwa."

Goggo ta buɗe baki, duk maganar da ta shirya ta wata biyu ta gudu. "Sannu," ta ce. "Sannu, 'yar'uwa. Ban zo ba."

"Na ga ba ki zo ba. Da wace gwiwar za ki zo?" Aka ja hanci daga can. "Ƙullin ya yi muni, ko?"

"Kamar ɗaurin akuya."

"To dawo da kayana, marar godiya."

"Na ƙi." Goggo ta share ido da bakin zane. "Wa yake ɗinke miki maɓalli yanzu?"

"Babu. Rigata da fil nake kama ta."

"Turo ta nan."

"Ta kwata?"

"Ki sa a leda biyu. Ke dai ki zura, ni in ɗinka."

Ta ji ƙarar takalmi tana nisa, ana mita. Goggo ta gyara zama a gindin katangar, ta zaro allura ɗaya, ta ja ƙaton ƙullin da yatsa don ta gwada shi. Ya riƙe.