Idon Hafsa

Ni ke yin dawaki, Yaya ke yin mahaya. Haka muka raba aikin shekara goma sha huɗu da suka wuce, ranar da ya dubi sojan da na fenta ya ce fuskarsa kamar ta wanda ya sha mari. Sojojin na darma ne, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Muna fenta su daidai da kayan rundunonin da, har launin kwala da yawan maɓalli. Ran Asabar kuma mu jera su a babban teburin ɗakin da ke saman kantin littattafai, mu da wasu dattawa huɗu, a gwabza yaƙi da tef ɗin awo da ƙwayar ludo.

Yaya a bakin tagar falonsa yake aiki. In ya gama mahaya sai ya jero su cikin auduga a kwalin takalmi, ya kawo shagona na gyaran agogo, ni kuma in ɗora kowa a dokinsa da gam. Abin alfaharinsa idon hafsa ne. Ƙananan sojoji inuwa kawai yake ja musu a ƙarƙashin gira, amma hafsa sai ya sa masa fari, ya ɗiga baƙi da bakin tsinke. Yakan ce hafsan da ba ya gani rami zai kai mutanensa.

Wata Laraba na buɗe kwali na ga hafsa da ido ɗaya a kumatu. Na yi dariya har na ƙware. Da farko na so in ajiye shi in rama marin nan na da. Sai na tuna Kanar, abokin wasanmu da bai taɓa sa kaki ba amma ya fi kowa baki, na ga ba zan jure ya yi wa wana dariya ba. Na maƙala gilashin gyaran agogo a idona, na shafe idon hafsan, na mayar da shi mazauninsa. Minti uku kacal. Har daɗi na ji, kamar na yi sadakar ɓoye.

Na gaba ma haka ya zo. Na bayansa kuwa ruwan zinariyar kafaɗa har wuya ya kai. Ya zama kowane kwali sai na bi shi ɗaya bayan ɗaya, ban kuma faɗa wa kowa ba.

Matar Yaya ta riga ta lura a gida. Ta ce yana karo da gefen ƙofa, in ya zo zuba ruwa ya saɓa wa kofin. Ina zaune a falonsu wata rana ta sake tayar da maganar likitan ido. Ya tashi ya ɗauko hafsan makon da ya wuce daga kan kantar falo, ya dire mata a tafin hannu.

"Dubi idon nan. Makaho ne ya yi shi? Ranar da na kasa sa wa hafsa ido, da ƙafata zan je asibiti."

Ta ɗaga shi wajen haske, ta juyo gare ni. "Mai Doki, kai ka san aikin. Me ka gani?"

Na ce ai hannun Yaya babu na biyunsa.

Dama ta zo har gabana na shure ta. Ba tausayi ne ya rufe mini baki ba, kunya ce. In na yi magana, dole in ce wata biyar ina yi masa rufa-rufa, a gaban matarsa kuma. Na ce wa kaina mako mai zuwa. Mako mai zuwa ya zo da kwalinsa, na maƙala gilashina.

Bayan wata goma sha ɗaya ya kuskure matakala yana saukowa daga ɗakin wasa. Targaɗe kawai ya yi, amma a asibiti matarsa ta matsa sai an duba idon. Likita ta ce hawan jinin ido ne, yana cin gani a hankali, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Na dama ya riga ya tafi, shi ya sa tsinke ke sauka inda bai nufa ba. Na hagu saura kamar leƙe ta ramin makulli. Ta ce da bara aka zo, da an tare da yawa.

Yaya bai yarda ba. Ya ƙi ɗiga maganin da aka ba shi, ya ce na'urarsu ce ta lalace, ga hujjarsa nan jere a kantar falo. Ragowar idon ma zai tafi a kan ƙaryar da na yi. Washegari da hantsi na same shi a bakin taga, matarsa na kicin, na faɗa masa komai tun daga idon kumatu. Na so ya zage ni. Bai yi ba, ya dai daɗe yana juya buroshi a hannunsa.

"Ɗauko mini na ƙarshen da na yi ni kaɗai," ya ce.

Na tsaya gaban kanta. Hafsoshi masu jajayen riguna, gyarana ne. Mai hular gashi a kan baƙin doki akawal, nawa. Na sauka layi na biyu, na wuce shi duka, yana jin yadda nake ɗagawa ina ajiyewa. Sai a lungun layi na uku na samu wani mai ƙura a kafaɗa, a kan kili, takobinsa ya ɗan lanƙwashe. Na hure shi na miƙa masa.

Ya kawo shi dab da idon hagu, ya karkata kai, ya matsar gaba, ya dawo da shi. Sannan ya shafa fuskar da babban yatsa.

"Ba na ganinsa. Daidai yake?"

Na duba da kyau. Fari a wurinsa, baƙi a tsakiya, ko ni da gilashina ba zan yi kamarsa ba. Na ce wallahi daidai yake, Yaya.

Ya gyaɗa kai, ya rufe hannunsa a kan hafsan.

"Kira mini ita daga kicin ta duba," ya ce.