Randar Gidan Makoki

Shekarar da kogin Haɗeja ya cinye gonakin shinkafa, kwalara ta biyo sawun ambaliya, ga shi kwamitin agaji tantin jinya ɗaya tal gare shi. Aka ce Bashira ta faɗi inda za a kafa shi, tunda ita ce ta shekara shida a jami'a tana karantar lissafin yaɗuwar annoba.

Ba a raina ta a wannan fanni. Ta raba jama'a kashi uku a kwamfutarta: masu lafiya, waɗanda suka kamu, da waɗanda suka warke ko suka riga mu gidan gaskiya. Ta zuba yawan rijiyoyin da ruwa ya shafe, da saurin kogi, da mutum nawa majinyaci ɗaya ke shafa wa. Amsa ta fito cewa gabas cutar za ta gangara, wajen Baturiya. Ƙauyukan yamma kuwa, har da nasu na yankin Miga inda mahaifiyarta Inna Saude take, sai bayan wata guda, in ma ta je.

Kawunta Baƙo, mai fito da kwalekwale, ya leƙa zanen da ke kan kwamfutar.

"'Yar nan, ruwa kam gangara yake. To mutum fa?"

"Kawu, ai na sa ranakun kasuwa."

"Na ji kasuwa. Wanda ya mutu, ba a zuwa masa gaisuwa?"

Ta yi masa murmushin nan na masu digiri, wanda gara a zage ka da shi. Aka kai tanti gabas. Ta buga wa Inna waya ta ce ta kwantar da hankalinta, su suna tudun mun tsira.

Tsakani da Allah, an ceci rayuka a gabas. Sai dai cikin waɗanda ba a ceta ba akwai wata 'yar ƙauyensu da ke aure can. Inna Saude kuwa ko ana ruwan ƙanƙara ba ta fashin gaisuwar mutuwa. Ta cika kwalekwale da mata tara, suka yi zaman makoki na kwana uku, suka sha daga randar gidan da moɗa ɗaya, suka hauro gida.

Ba su jima da dawowa ba cutar ta kwantar da Inna. Daga ƙauyen zuwa tantin tafiyar wuni ce a ruwa. Kawu Baƙo ya tuƙa har tafin hannunsa ya saluɓe, amma ko rabin hanya ba su yi ba Inna ta cika.

Bashira ta kasa kuka, don gani take da hannunta ta yi. A hanyar gida ta buɗe kwamfutar, ta ƙara abin da Kawu ya faɗa: kwana uku, randa ɗaya, baƙi daga nesa. Zanen ya karkata yamma. A duk zama na mutum arba'in, shida za su koma gida da cutar.

Ta tarar da tsakar gidansu maƙil da mata, wasu daga ƙauyukan da ko labarin kwalarar bai kai ba. A gindin darbejiya ta hango Iya Rahmatu, ƙanwar Inna, ta kai moɗa baki. Ko sallama Bashira ba ta ƙarasa ba ta fizge moɗar, ta sa ƙafa ta tunkuɗe randar. Ta tarwatse, ruwa ya malale har ƙarƙashin tabarmi.

"Innalillahi! Bashira, a gidan uwarki za a hana baƙo ruwa?" in ji wata tsohuwa.

"Don Allah, wa da wa ya sha?"

Iya Rahmatu ta goge baki da gefen mayafinta.

"Sannu da hanya, 'yata. Tun hantsi muke sha, wannan cikawa ta uku ce."

Bashira ta bi tabarmin da ido tana ƙirgawa. Mata arba'in da uku ne, kuma babu wadda ba ta goya ta ba ko ta yi mata kitso.