Furar Adda Hannatu

Nana Firdausi ba ta yafe raini, kowa a Gumel ya san wannan. Ranar da Barau ya taɓa ta kuwa, a gaban duk masu karatunta ya yi.

Labarin bincike take rubutawa, tana sakin shi babi-babi a zaurenta na WhatsApp: an kashe wani dillalin shanu a kasuwar Maigatari da guba, ana neman wanda ya aikata. Mutane na ta hasashe, ita kuma tana jin daɗi. Sai ga muryar Barau, wani mai gyaran waya a Maigatari da ba ya karanta littafi sai don ya kushe.

"Malama, ki huta. Direban marigayin ne. Tun babi na uku na gano shi. Marubutanmu ba su iya ɓoye ɓarawon kaza ba, balle mai kisa. In ba shi ba ne, zan ba ki haƙuri a nan, kowa na ji."

Abin haushin, direban ne. Ta ma riga ta rubuta ƙarshen. Ranar ko tuwo ba ta iya haɗiya ba, sai zagaye tsakar gida take tana cizon yatsa. Ta rantse sai Barau ya lashe maganarsa.

Ta zauna ta bi mutanen labarin ɗaya bayan ɗaya, tana neman wanda ba wanda zai zarga. Mutum ɗaya ce: tsohuwa mai fura, wadda masu karatu ke so kamar kakarsu. Daga jikin Adda Hannatu ta ɗauko ta, yayar mahaifiyarta, mai sayar da fura a Gagarawa Tasha. Shuɗin mayafin, wushiryar, har da "sha ka ƙara, ɗan nan" da take ce wa direbobi, duk ta kwashe ta zuba. Kowa ya gane ta. Adda ma takan sa a karanta mata wurin da ta fito, tana dariya tana rufe baki.

Nana ta ɗan yi jim. Sai ta sake kunna muryar Barau, zuciya ta ɗebe ta, ta goge ƙarshen. Gubar ta koma cikin fura.

Zaure ya kama da wuta. Wasu na salati, wasu na cewa ba a taɓa yi musu irin wannan ba-zata ba. Barau ya turo murya a sanyaye: "Na sara miki, Malama. Ki yi haƙuri." Ta saurara, ta maimaita, ta tura wa ƙawayenta. Daɗi kamar ya kashe ta.

Ranar Asabar ta hau mota zuwa Gagarawa Tasha, da turmin atamfa a jaka don Adda. Ta same ta a gindin darbejiyar da ta saba, ƙwarya cike, ga rana ta take. Wani direba ya wuce yana washe baki.

"Adda, ta yau da guba ko babu?"

'Yan tasha suka kwashe da dariya. Wata mata da ta tsaya da ɗanta za ta saya ta ja hannunsa suka yi gaba.

Adda ta juyo. Ta amsa gaisuwar Nana, ta tambayi mutanen gida, ta dama fura a ƙaramar ƙwarya.

"Adda, labari ne kawai fa," in ji Nana.

"An karanta mini, 'yar nan."

Sai ta ɗebi ludayi ɗaya ta kurɓa, ta haɗiye a gaban idon Nana, kamar yadda yanzu take yi wa duk mai saye. Sannan ta miƙa mata ƙwaryar.