Tsagar Ɗakin Inna Ta Zama Kayan Tarihi

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma har yanzu raina bai huce ba.

Na gan ni a ƙofar gidanmu da rana tsaka, ɗauke da kwanon kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon ɗakin mahaifiyata, Inna Tabawa, ya tsage daga sama har ƙasa, ga damina ta kawo kai. Kowa ya san ginin ƙasa yaɓe ne ransa. In ba a yaɓe shi kafin ruwa ba, a kan mai shi yake kwanciya. Na ɗebi ƙasa ke nan sai wani ƙadangare sanye da kwat ya leƙo daga cikin tsagar, ya ce in dakata. Wai shi ma'aikacin hukumar ƙawata birni ne, kuma tun da safe aka sa wannan tsaga cikin kayan tarihi. Duk wanda ya toshe ta ya ɓata gadon kakanni.

Na ce masa kakannin da yake faɗa su suka koya mana yaɓe. Ya gyaɗa kai. Na ce akwai tsohuwa a ciki, ba ta iya gudu. Ya sake gyaɗa kai, ya ce in je ofis.

Sai ga ni a ofis. Benensu in ka hau a ƙasa yake ajiye ka, don haka masu kawo kuka suna ta hawa, babu wanda ya isa. Ni ta taga na shiga. Darakta ma wani ƙaton ƙadangare ne, jangwada, ya baje a kan tebur. Ya saurare ni cikin ladabi, kuma wannan ladabin ya fi komai ƙona mini rai. Ya ce hukuma ba ta manta da unguwarmu ba. Kwatar da ta toshe an shafa mata shuɗin fenti. Famfon da ya ƙafe an zana masa ruwa yana zuba, mata har sun fara bin layi. Ni ma za a turo mini mai zane.

Na ce, "Ranka ya daɗe, magini nake nema."

Ya ce, "Magini ai canza abu yake yi, Malam Tanimu. Mu adanawa muke yi."

Na dawo na tarar mai zanen ya gama. Ya zana ginshiƙi a jikin bangon, kyakkyawa, har da inuwarsa. Ya ce kada in jingina, bai bushe ba.

An kafa rumfuna a layinmu, an jera kujeru suna fuskantar gidanmu. Makaɗa suna ta kaɗa ganga ba sauti, don kada ƙara ta girgiza tarihi. Mai unguwa Sallau, wanda muka yi wasan ƙasa tare, yana sahun gaba cikin babbar riga, yana gyaɗa kai irin nasu. Na tambaye shi ko shi ma ya koma cikinsu ne. Ya ce in yi haƙuri, baƙi sun zo daga nesa, kada in kunyata unguwa. Wato abin kunya yanzu shi ne ɗa ya gyara ɗakin uwarsa. Ga inda muka kai.

An cire ƙyauren ɗakin Inna, an gitta jar igiya a bakin ƙofa. Tana zaune a kan tabarma da carbinta, baƙi na wucewa ɗaya bayan ɗaya suna ɗaukar ta hoto. Mai yi musu bayani yana cewa ita ma da ginin aka same ta, ba a taɓawa, ba a miƙa mata abinci. Wata mata ta tambaya ko tana motsi.

Inna ta hango ni ta ce, "Tanimu, baƙin nan naka ne? Ko ruwan sha ba ka ba su ba."

Sai hadari ya sauka. A garin nan ruwa ba ya zuba a waje, cikin ɗakuna kawai yake zuba, don haka 'yan rumfa ko ɗigo bai taɓa su ba. Tsagar ta ƙara buɗewa. Azara ta fara ƙara. Darakta ya karɓi lasifika ya ce jama'a su zuba ido sosai, yanzu za su ga yadda ginin gargajiya yake rushewa, abin da ba kowane birni ke iya nuna wa baƙi ba. Aka yi tafi.

Na nufi ƙofa. Masu gadi suka ce in bi layi. Na ce uwata ce. Suka ce to ai ni na sha ganinta, in bar wasu su gani. Na ture su, na tsallake igiyar, na durƙusa na ce ta hau bayana. Ba ta da nauyi ko kaɗan, amma duk takun da na yi sai ƙofar ta ƙara nisa. Ƙasa na zubo mana a ka. Daga waje ina jin muryar Sallau yana roƙona in ɗan matsa gefe, na tare wa masu hoto.

Ƙarar ƙarfe ce ta tashe ni. Gari ya waye, ana yayyafi. Ta bango ina jin Inna tana jan daro a ƙasa, a hankali, tana neman saitin yoyo.