Lallen da ke Kiran Gara

Wata goma sha huɗu ke nan da Marwan ya hau bayan kamyo, babbar motar kaya, ya tafi haƙar zinariya can cikin sahara, ya bar wa matarsa Husna ɗaki mai bango huɗu babu rufi, da azarun giginya goma sha biyu jere a tsakar gidansu na unguwar Dagmanet. Ranar tafiya, maimakon ya faɗi maganar da zuciyarta ke jira, sai ya tsaya kan azarun yana ta yi mata karatu: kada itace ya taɓa ƙasa, ta bar su bisa duwatsu, duk Jumma'a ta mirgina su, ta share ƙarƙashi ta barbaɗa toka.

"Gara ba ta sallama, Husna. Tsare mini su. Ta farko da hannuna zan ɗora."

Haushi ya kama ta a lokacin. Sai daga baya ta gane iyakar yadda bakinsa ya iya cewa zai dawo ke nan.

Ba ta taɓa tsallake Jumma'a ba. Takan mirgina su da taɓarya ɗaya bayan ɗaya, tana shafa kaushin jikinsu kamar mai duba zazzaɓi. In ta gama sai ta koma gun lallen da ya dasa mata a gindin bango makon aurensu, taku biyu daga azarun. Ruwan alwala, ruwan ɗauraya, ragowar na tulu, duk a gindinsa suke ƙarewa safe da marece. Ko ganye ɗaya ba ta tsinka ba tun tafiyarsa. Ta ajiye shi ne don ranar da za a ce ga shi nan a tasha.

Wata Jumma'a da hantsi Kawu Illo, ƙanen mahaifiyarta, tsohon magini, ya shigo gaishe ta.

"Ɗiyata, ina labarin mai kuɗin namu? Ko zinariyar ce ta yi masa nauyi ya kasa tasowa?"

"Kai, Kawu! Rezo ne babu can, waya ba ta shiga."

"Rezo. Mu a zamaninmu raƙumi ne rezo, kuma saƙo na isa."

Ya zagaya azarun yana ƙwanƙwasa su da sandarsa, kunne a karkace. Duk suka amsa da ƙarfi. Har ya fara yaba mata, sai ya tsaya cak a dutsen ƙarshe, ya durƙusa da ƙyar.

"Zo ki gani."

Wani siririn zare ne na jar ƙasa, bai kai kaurin tsinken tsintsiya ba, ya taso daga ƙasa ya kama gefen dutsen. Saura ɗan yatsa ya taɓa itace. Kawu Illo ya murje shi, fararen ƙwari suka watse.

Husna ta durƙusa kusa da shi. "Wallahi Jumma'ar da ta wuce na share nan. Toka ma na zuba."

"Na ga tokar. Aikinki ba laifi." Ya tura yatsa cikin ƙasa, ya zaro shi da danshi, ya nuna lallen da haɓa. "Ga mai gayyar can. Garin nan ƙasa busasshiya ce ko'ina, ke kuma kin buɗe musu rijiya kusa da tuwo. Wa zai ƙi zuwa?"

"To a matsar da azarun."

"Zuwa ina? Tsakar gidan nan da akuya ba ta iya juyawa? Ko dai in kawo mutanena jibi mu ɗora su, mu rufe ɗakin a huta, ko ruwan nan ya tsaya."

"Ya ce shi zai ɗora ta farko."

"Na sani. Ina nan ya faɗa." Tsohon ya kakkaɓe gwiwa, muryarsa ta sauka. "Amma biyun ba su zama wuri guda, ɗiyata. Ki zaɓa kafin su zaɓar miki."

Bayan fitarsa ta daɗe tsaye. Ɗakin da Marwan zai tarar an rufe ba da shi ba, ta san yadda zai dube shi: zai yi murmushi, ya ce an kyauta, ya shiga kamar baƙo.

Ta shimfiɗa zane a gindin lallen ta soma tsinka. Reshe bayan reshe, har ƙananan tohon da ba su isa ba, ƙamshin yana hawa mata kai, hawaye na sauka bisa ganyen ba ta share ba. Da ya zama tsinke tsirara ta ɗauko hauya. Saiwar ta yi nisa fiye da zatonta, sai da ta sa ƙafa ta ja. Ta cike ramin da busasshen yashi da toka, ta aro baƙin man mota gun maƙwabcinsu Issouf mai garaji, ta shafe duwatsun da bakin kowace azara.

Hannunta baƙi ƙirin ta ɗauki waya ta danna wurin aika saƙon murya.

"Marwan, ni ce. Azarunka lafiya lau, duka goma sha biyu. Kawu ya ƙwanƙwasa, ya ce ko ɗaya ba ta yi kogo ba." Ta dubi inda lallen yake a da. "Amma su ma sun gaji da kwanciya."

Saƙon ya tsaya bai wuce ba. Ta jingina wayar bisa katanga, inda rezo ya fi kamawa, ta koma baza ganyen lallen a inuwa don ya bushe.