Madubin Shagon Ɗinki

Tun safe Shiru-shiru ta kasa ɗinka layi ɗaya miƙaƙƙe. Sau uku tana farke hannun riga ɗaya.

"Ke, wai yau me ya shiga kanki?" in ji Anti mai shagon. "Ko keken ne ya yi miki laifi?"

"Yaya ne zai ɗauko sabon babur ɗinsa," ta ce ƙasa-ƙasa, tana murmushi. "Ya ce ni zai fara ɗauka."

"Yayanki? Wanda ya koyi tuƙi shekaranjiya a filin ƙwallo? Allah Ya tsare. Filin ƙwallo dai ba shi da kwana."

Shagon nasu yana daidai inda layi biyu suka haɗu, na gangare da na sito, ga doguwar katangar sito ta tare komai. Mai tahowa daga gangare ba ya ganin mai fitowa daga layin sito sai sun yi kiciɓis. Bara a nan wani mai kai saƙo a babur ya rasu, satinsa biyu da fara hawa. Ya danna hon ya shige, ya ɗauka hon ya isa.

Akwai abin da Shiru-shiru ce kaɗai ta lura da shi. Babban madubin gwada kaya yana jingine a bakin ƙofa, kuma daga kujerarta gangare na gabanta, layin sito na cikin madubi. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Wa ma ya tambaye ta?

Da yamma ta ji hon, pip-pip-piiip! Ga Yaya can saman gangare, babur ja wur, ko ledar kujera bai cire ba, hular kwano tana lilo a gwiwar hannunsa. Ya saki hannu ɗaya yana ɗaga mata, baki har kunne. Ta miƙe zumbur, daɗi kamar ya kashe ta.

Sai idonta ya faɗa kan madubi. Motar bulo ce, cike taf, ta taho daga layin sito a guje.

"Yaya," ta ce. Muryar ko bakin ƙofa ba ta kai ba. Ta ɗaga masa hannu, shi kuwa ya zaci murna take yi, ya ƙara wuta.

Ba ta san lokacin da ta fizgi jan yadin da ke kan teburin yanka ba. Ta faɗa tsakiyar mahaɗar ba takalmi, tana kaɗa shi sama.

"TSAYA! Ku tsaya!"

Direban ya take birki, ƙiiii, bulo biyu suka faɗo suka tarwatse. Yaya ya rikice ya damƙe birkin gaba, babur ya zame da shi, suka kwanta tare a bakin kwata, taku uku daga tayar motar.

Can Yaya ya tashi yana ɗingishi, ya shafa tanki. "Wayyo fentina!"

"Fentin me?" Anti ta fito da almakashi a hannu. "Saura ƙiris mu kwashe ka a buhu, kana ta fenti!"

Direban ya sauko. "'Yar nan, ya aka yi kika gan ni ta bayan katanga?"

Ta nuna madubin da ɗan yatsa. Suka je suka leƙa su uku, ga layin sito fes har ƙarshensa.

"Ku ɗauke shi," in ji Anti. "Ku ɗaure a jikin falwaya. Masu gwaji su tambaye ni, ni zan faɗa musu in ɗinkin ya yi musu kyau."

Da suka gama ɗaurewa da waya, Yaya ya tayar da babur, ya kasa haɗa ido da ita. "Ƙanwata, har yanzu za ki hau?"

"Zan hau mana," ta ce da ƙarfi, har ita kanta ta yi mamaki. "Amma sa hular nan a kanka. Kuma kwanar nan tura shi za mu yi da ƙafa."

Anti ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Ashe tana magana!"